Takarda ɗaya, maki biyu: yaya muke gyaran sharhin adabi na ɗalibai?

Madam ta Zariya: Assalamu alaikum malamai, barkanmu da warhaka. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo shi nan mu duba tare. Azuzuwanmu biyu na piremiyar A (aji na biyu a lise, wato babbar sakandare, ɓangaren adabi) sun yi dabuwar ɗaya, wato gwajin aji, komanter (sharhin adabi) a kan wata gajeriyar waƙa ta Faransanci. Uwa ce a cikin waƙar, ɗanta ya tafi ci-rani, damina ta faɗi har an yi noman farko bai dawo ba. Da muka gama gyara, ni da abokin aikina muka yi musayar wasu takardu, kowa ya sake gyara na ɗan'uwansa ba tare da ya ga makin farko ba. Yawancinsu bambancin maki ɗaya ne ko biyu, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma takardu biyu sun raba mu nesa. Ta farko ni na ba ta 13 bisa 20, shi ya ba ta 7. Ta biyu na ba ta 9, shi ya ba ta 14.

Madam ta Zariya: Bari in faɗa muku abin da ke cikinsu, ba tare da suna ba. Ta farko yarinya ce ta rubuta. Gabatarwarta layi uku, ba ta sanar da tsarin da za ta bi ba, kurakuran nahawu kuwa ko'ina, jinsi da jam'i duk a hargitse. To amma ita kaɗai ce a azuzuwan biyu ta lura cewa duk aikatau ɗin da ya shafi uwar yana cikin lokaci mai ci ne, na ɗan kuwa ko dai shuɗaɗɗe ko mai zuwa. Ta ce wannan yana nuna lokacin uwar ya tsaya cak tun ranar da ya fita. Ta kuma ga kalmar ƙofa ta fito sau uku, a baitin farko a buɗe, a tsakiya an sakaya ta, a ɗangon ƙarshe uwar tana riƙe da ita ba ta rufe ba. Ta kawo ɗangogin da kansu. Ta biyu yaro ne. Rubutu kamar na inji, gabatarwa cikakkiya, kashi biyu kowanne da ƙananan kashi biyu, kammalawa har da buɗe ƙofar wata tambaya. Ya lissafo siffantawa, mutuntarwa, maimaitawa, amma ko sau ɗaya bai ce ga abin da suka yi wa waƙar ba. Wallahi da za a cire sunan waƙar a sa wata, takardar tasa za ta zauna daram. To wa ya fi cancanta?

Malam na Tasawa: Wa alaikumus salam Madam. Ni dai ina bayan abokin aikinki, kuma ba don son zuciya ba. Sunan aikin komanter kompoze, wato sharhi mai tsari. Wanda bai tsara ba bai yi aikin da aka sa shi ba, ko da ya ga abin da marubucin waƙar ma bai gani ba. Yarinyar nan badi za ta shiga tarminal, ajin ƙarshe, ta zauna bak, jarabawar kammala lise. Takardarta za ta faɗa hannun wanda bai san ta ba, an rufe sunanta, yana da tarin takardu gabansa da zafin Yuni ko Yuli. Zai buɗe ya ga gabatarwa layi uku da kuskure a kowane layi. Kina jin zai kai ga maganar ƙofa? In kin ba ta 13 yau kin yaudare ta. Gara ta ji zafin 7 a aji, inda akwai sauran lokacin gyara.

Madam ta Zariya: Malam, na ji wannan, kuma abin da shi ma ya faɗa mini ke nan. Amma 14 ɗin yaron fa? Shi ba a yaudare shi ba? An gaya masa ya iya sharhi alhali bai karanta waƙar ba.

Malam na Tasawa: Wannan kam 14 ta yi masa yawa. Ni 11 zan ba shi.

Sabon Malami a Dakoro: Salamu alaikum iyayena malamai. Ni bana na fara koyarwa, shi ya sa nake bin maganar nan da kyau. Tambayata, shin akwai barem, wato rabon maki, tsayayye da ake bi ko kowa da nasa ne? Ni abin da nake yi, in karanta takarda sai in ji a raina ta kai 8 ko 10. Aji cike yake maƙil, in na kai rabin tarin idona ya fara yaji. Na kuma lura in takarda mai kyau ta wuce, wadda ke bin ta sai ta yi mini muni fiye da yadda take.

Tsohon Sufeto: Barkanku da hira. Ɗana na Dakoro, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma masana awon jarabawa sun daɗe da saninsa. Takarda tana cin albarkacin wadda ta gabace ta ko ta sha wahalarta. Gajiya ma tana ba da maki, haka kyan rubutun hannu.

Matsalar ga ta girmi dukanmu. A Faransa, inda munka gaji tsarin bak, wani masani Henri Piéron ya raɗa wa ilimin awon jarabawa suna tun shekarun 1920. A 1936 aka fitar da sakamakon binciken Laugier da Weinberg. Sun ɗauko takardun bak na gaske sunka raba wa masu gyara daban-daban. A rubutun Faransanci tazara tsakanin masu gyara a kan takarda guda ta kai maki 13 bisa 20. Ko lissafi bai tsira ba, an samu tazarar 9. Sunka yi ƙididdiga sunka ce in ana son makin da za a amince da shi sosai, takardar lissafi tana bukatar masu gyara 13, ta Faransanci 78, ta falsafa 127. Kun ga ke nan Madam da abokin aikinta ba su yi wani abin kunya ba. Abin kunyar shi ne mu san haka mu ci gaba kowa na gyara cikin ɗakinsa shi kaɗai.

A bak akan ba masu gyara amsar misali da barem, a zauna a daidaita kafin a fara. A aji ne ba mu yi. Dabuwar da kompozisiyon (jarabawar ƙarshen zango) kuwa su ke yanke wa yaro hukuncin wucewa ko maimaita aji.

Hajiya Uwar Biyu: Ku yi haƙuri malamai in sa baki, ni uwa ce ba malama ba, amma na yi lakol har kolej. Ɗana ya kawo mini takardarsa ta disertasiyon, wato insha'in tattauna batu, 8 bisa 20. Na duba daga farko har ƙarshe. Jan biki (alƙalami) ya ja layi ƙarƙashin kalmomi, a gefe an rubuta kalma ɗaya mai nufin "ba a fahimta ba", a wani wuri alamar tambaya kawai. Sai 8 a sama cikin da'ira. Na ce masa me mushe, wato malaminku, ya ce ka gyara? Ya ce bai ce komai ba, ya raba takardu ya shiga darasi. Yaron ga da kuɗin karin kumallonsa yake sayen tsofaffin littattafai a kasuwa, yanzu ya ce Faransanci sa'a ce, ba karatu ba. Wannan kalma ta sa'a ita ta fi yi mini ciwo. A kasuwa in za a auna maka hatsi kana ganin tiyar da idonka kafin a zuba. Me ya sa yara ba za su ga tiyar da ake auna su da ita ba?

Madam ta Zariya: Hajiya, kin yi gaskiya, Allah ya shirya mana su. Ki ce masa ya koma wurin malamin cikin ladabi ya roƙi a nuna masa abu biyu da zai gyara. Malamai da yawa suna jin daɗin irin wannan tambayar.

Ɗan Mokoyo: Ni Turancin Ingilishi nake koyarwa, kuma a Najeriya na yi karatu, bari in kawo muku yadda WAEC ke gyaran insha'in Ingilishi. Ba sharhin adabi ba ne, amma akwai abin ɗauka. Maki 50 ne. Abin da aka faɗa yana da 10, tsari 10, iya sarrafa harshe 20, sai kurakuran nahawu da ƙa'idar rubutu 10. A wannan na ƙarshen ana cire rabin maki a kan kowane kuskure, in goman ta ƙare shi ke nan, ba a tsallakawa a ci daga makin tsari ko na ma'ana. Kuma kafin a ba kowa tarinsa, masu gyara sukan taru su gyara kwafin takardu iri ɗaya, a ga wanda hannunsa ya yi nauyi da wanda nasa ya yi sauƙi. Abin da nake gani ya faru da yarinyar Madam shi ne an hukunta ta sau uku a kan laifi ɗaya. Kuskuren nahawu ya ci makin harshe, ya ɓata wa mai gyara rai ya ci makin tsari, daga nan ya rufe masa ido bai ga fahimtar ba.

Malam na Tasawa: Ƙanena, ai ka ba ni hujja da kanka. Haɗa 20 da 10, maki 30 cikin 50 na harshe ne. Darasin Faransanci muke koyarwa. Na san kundin mulkin Nijar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, kuma na yi murna da haka. Amma yaron da ke gabana da Faransanci zai rubuta bak, da shi zai yi karatu in ya shiga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ko ta Abdou Moumouni a Yamai. In ba mu tsananta a kan harshe ba, wa zai tsananta? Malamin tarihi?

Ɗan Mokoyo: Yaya, insha'i aikinsa auna harshe, shi ya sa aka ba harshe kaso mafi girma. Komanter aikinsa auna karatu. Ban ce a yafe kuskure ba. Na ce a yi masa iyaka.

Malamin Hausa na Tsibiri: Ina jin ku tun ɗazu. Ku yarda da ni, cutar yaron mai 14 ba ta Faransanci ba ce kawai, tana nan a nazarin adabin Hausa. Ka ba ɗalibi waƙa ka ce ya yi sharhi, sai ya jero maka jigo, zubi da tsari, salo, amsa-amo, kamantawa, siffantawa, kamar mai kiran sunaye a aji. "Mawaƙin ya yi amfani da kambamawa." To sai me? Me kambamawar ta yi wa mai sauraro?

Ga misalin da nake ba ɗalibaina. Kowa ya san Gizo a tatsuniya yana da tsamin baki. Ɗalibi na farko ya rubuta, "Gizo mai wayo ne kuma maƙaryaci, wannan tatsuniya tana koya mana illar kwaɗayi." Babu ƙarya a ciki, amma ko bai ji tatsuniyar ba zai iya rubuta haka. Na biyu ya rubuta, "Mai ba da tatsuniyar ya sa wa Gizo tsamin baki a daidai lokacin da yake gaban Zaki, sai maganarsa ta zama kamar ta ƙaramin yaro. Wannan ne ya sa manyan dawa ba su tsoronsa, suna raina shi, shi kuma da rainin yake cin su." Kun ga ya nuna wurin, ya faɗi dabarar, ya faɗi aikin da ta yi. Ni a nan makin sharhi yake. Wanda ya faɗi sunan dabara ya tsaya ya yi sulusin tafiya. Wanda ya nuna wurin ya faɗi aikin amma ya manta sunan dabarar ya fi shi nisa, don suna ana koya shi cikin minti biyar, ido kuwa sai an daɗe ana rainonsa.

Madam ta Zariya: Malam, Allah ya ƙara basira. Abin da na kasa faɗa wa abokin aikina ke nan. Yarinyar ba ta ambaci sunan dabara ko ɗaya ba, amma duk abin da ta faɗa ta ɗora yatsa a kan ɗangon.

Ɗalibar Jami'a: Salamu alaikum, ku gafarce ni malamaina. Ban daɗe da barin lise ba, ina so ku ji ta ɓangarenmu. A tarminal akwai kaye, wato littafin rubutu, da ke yawo hannu zuwa hannu, cike da gabatarwa da kammalawa da aka riga aka rubuta. Akwai ta waƙa, akwai ta ƙagaggen labari, akwai ta wasan kwaikwayo. Ka haddace, ranar jarabawa ka canza sunan marubuci. Ba lalaci ne ya sa ake yi ba. Mun ga masu yin haka suna samun 12 da 13, wanda ya faɗi ra'ayinsa kuma ya sha 7. Yara suna karanta malaminsu fiye da yadda suke karanta littafi. Kuma yanzu ƙannena ba su ma bukatar kayen, ChatGPT a waya yana fitar musu da irin takardar yaron nan cikin ƙiftawar ido, da Faransanci mai tsabta. In dai ita ce ke cin maki, aikin gida ya zama aikin waya.

Malam na Tasawa: Ɗiyata, wannan magana ta shige ni. Ni dai na daina ba da maki a kan aikin gida saboda haka.

Sabon Malami a Dakoro: To iyayena, ga wata. In fassarar ɗalibi ta saɓa wa wadda ke cikin amsar misali fa? Na samu wanda ya ce mai magana a wata waƙa fushi yake, ni kuma a takardata baƙin ciki na rubuta.

Tsohon Sufeto: Amsar misali jagora ce, ba a ce ita kaɗai ce hanya ba. Tambaya guda za ka yi wa takardar: ina hujjarka cikin matani? In ya kawo maka kalmomin da ke ɗauke da fushi, ya nuna gajerun jimloli da umarni da tambayoyin da ba a jiran amsarsu, ka ba shi makinsa cikakke ko da kai ba ka gan shi haka ba. In kuwa ya ce uwar waƙar Madam ta tsani ɗanta, babu ɗango guda da ya goyi bayansa, wannan juya ma'ana ne, kuma shi ne kuskure mafi tsada a komanter. Tsakanin biyun ga akwai na uku wanda ya fi yawa a takardun yaranmu: maimaita abin da waƙa ta ce da wasu kalmomi. Bai ɓata ba, bai kuma yi sharhi ba. Wannan yana cin makin fahimta, ba ya cin na sharhi.

Akwai kuma abin da nike so ku duba. Malamin lissafi yana ba da 19 ba ya jin komai. Mu kuwa malaman adabi mun yi wa kanmu rufi a 14 ko 15, wai babu cikakken rubutu. Sakamakon bak yana da daraja hawa-hawa, daga 12, daga 14, daga 16. Ɗan seri A wanda manyan darussansa duka na rubutu ne, in kowane malami ya tsaya a 14, ta ina zai kai hawa na sama? Mun rufe masa ƙofa tun bai zauna ba. In takarda ta cika abin da munka nema daga ɗan shekara 17 cikin awoyin da munka ba shi, a ba ta 17 ko 18. Ba da malamin jami'a muke gwada shi ba.

Malam na Tasawa: Ranka ya daɗe, a nan kam sai ka yi mini uzuri. Ban taɓa ganin takardar 18 ba.

Tsohon Sufeto: Ka rubuta abin da takardar 18 za ta ƙunsa tukuna, Malam. In ka rubuta shi, wata rana za ka gan ta. In ba ka rubuta ba, ko ta zo za ka ba ta 14.

Madam ta Zariya: Na kwana da maganar nan. Ga abin da na tsara, ku sassaƙa shi. Fahimtar matani 4. Sharhi mai hujja, irin wanda Malamin Tsibiri ya kwatanta, 6. Tsari tun daga gabatarwa har kammalawa 5. Harshe 4. Tsabtar takarda 1. Na sake gyara takardun biyu da shi. Yarinyar ta samu 4 a fahimta, 4 da rabi a sharhi don ta bar baiti na uku bai taɓu ba, 1 da rabi a tsari, 1 a harshe, rabi a tsabta. Ya kama 11 da rabi. Yaron ya samu 2, da 1 da rabi, da 4 a tsari, da 3 da rabi a harshe, da 1. Ya kama 12. Har yanzu yana gabanta, kuma raina bai kwanta ba.

Malamin Hausa na Tsibiri: Madam, 4 ɗin da kika ba shi a tsari nake tuhuma. Kasonsa biyu me da me?

Madam ta Zariya: Na farko "ma'anar waƙar", na biyu "salon waƙar".

Malamin Hausa na Tsibiri: To ai wannan shi ne abin da ake hana su tun sagond, ajin farko na lise, raba ma'ana da salo. Tsarin komanter daga cikin waƙar ake ciro shi. Da ya ce kashi na farko jiran uwa, na biyu rashin ɗan da ya cika gidan, sai mu ce ya tsara. Abin da ya yi ramuka ne da aka haƙa tun kafin a ga waƙar. Gabatarwa da kammalawa sun cika ƙa'ida, a ba shi nasu. Cikin kuwa bai kai ba. Ni 2 da rabi.

Tsohon Sufeto: Na goyi bayan haka. Ya dawo 10 da rabi, ita 11 da rabi. Ku duba, daga tazarar 6 da 5 mun dawo inda za a iya zama a yi magana. Kuma kowannensu zai karanta takardarsa ya san inda ciwonsa yake: ita ta san tsari da nahawu ke ja mata baya, shi ya san dole ya koma cikin matani. Rabon Madam ya kuma dace da ƙa'idar da ake koya wa masu tsara awo, cewa muhimman ma'aunai su ɗauki aƙalla kashi uku cikin huɗu na maki, na ƙawa kamar tsabta kada su wuce kashi ɗaya. Abu guda zan ƙara. Lamba kaɗai ba ta isa ba. Ƙarƙashin kowane ma'auni a rubuta jimla guda da ke cewa ga abin da ke cin cikakken maki, ga abin da ke cin rabi. In ba haka ba, "sharhi 6" zai koma abin da kowa ya ji a ransa, kamar yadda ɗana na Dakoro ya faɗa.

Malam na Tasawa: Na karɓi 11 da rabi ga yarinyar, da sharaɗi. Harshe 4 ya yi kaɗan, ni 5 nake so, a rage tsari ya koma 4. Sannan duk takardar da ta samu ƙasa da rabi a harshe kada ta wuce 12, komai kyan sharhinta. Ba zan iya sa hannu a kan 15 ga wanda bai iya haɗa jimla ba.

Ɗan Mokoyo: Yaya, harshe 5 na yarda. Amma sharaɗin 12 ɗin hukunci biyu ne ya dawo ta bayan gida.

Malam na Tasawa: Ka kira shi yadda ka so. Akwai matakin da in kuskure ya kai, mai karatu ba ya ma gane abin da ake nufi.

Madam ta Zariya: In ba a gane abin da ake nufi ba, Malam, ai makin sharhi da kansa zai faɗi, ba sai an sa rufi ba. Yarinyar nan duk da kurakuranta na gane kowace jimla.

Malam na Tasawa: Ke kin san ta, kin saba da rubutunta. Mu gwada da wanda bai san ta ba.

Tsohon Sufeto: To haka za a yi, a bar takardu su raba gardama. Madam, ki zaɓo guda biyar ki rufe sunaye ki yi hoto: biyun ga, da mafi kyau a ajin, da wadda ta kauce wa tambaya, da wata ta tsakiya. Kowa ya gyara shi kaɗai, sau ɗaya da rabon Madam, sau ɗaya da na Malam na Tasawa, kada ya nuna wa kowa. Ranar Asabar bayan la'asar waɗanda ke cikin Maradi mu haɗu gidana mu baje makin. Ku fara karanta biyar ɗin duka kafin ku ɗauki jan biki.

Hajiya Uwar Biyu: Baba Sufeto, in kun daidaita za a ba yaran su gani ko zai tsaya wurin malamai?

Madam ta Zariya: Hajiya, ni dai a ajina zan rubuta shi a tablo su kwafe a kaye kafin dabuwar mai zuwa. Zan kuma ba su sakin layi biyu marasa suna su gyara da kansu da barem ɗin, su ji yadda ake yi.

Malam na Tasawa: Asabar ina da kompozisiyon da safe, in na samu mota da wuri zan iso. In ban iso ba zan turo makina kafin la'asar, da dalilin kowanne.

Sabon Malami a Dakoro: Ni zuwa zai yi mini wuya. Don Allah Madam a turo mini hotunan ta waya, a ɗauke su da haske don in iya karanta rubutun yarinyar. Kuma in kun rubuta jimlolin da Baba Sufeto ya ce a sa ƙarƙashin kowane ma'auni, ina so, musamman ta sharhi, don ina da tarin takardun sagond da ban taɓa ba tukuna.